Ƙaho Biyu a Falon Wadudu

Abdul-Wadud ne sunansa na yanka, amma daga Zongon Kumasi har Magazin ɗin Suame, unguwar masu gyaran motoci, babu mai kiransa haka. Wadudu ake ce masa, a gareji kuma Masta. Mahaifinsa mutumin Dori ne da ya biyo shanu da ƙafa ya gangaro kudu, kasuwa ta karɓe shi, ya yi aure ya zauna. Ya so ɗan ya gaje shi a dillancin shanu, ɗan kuwa ko warin turke ba ya so. Da ya tasa sai ya bi wani maƙwabcinsu zuwa Suame ya koyi gyaran jikin mota. Motar da ta yi karo ta lanƙwashe kamar gwangwanin madara, Wadudu zai tsuguna da guduma da ɗan dungun ƙarfe yana bin ta a hankali har ta koma siffarta. Aikin da ya yi ke nan tun yana saurayi har furfura ta fito masa. Wanda bai taɓa shiga Magazin ba ba zai gane irin ƙarar wurin ba. Guduma ta nan, injin yankan ƙarfe ta can, mutum na kusa da kai amma sai ka yi masa ihu. Ba mai toshe kunne, in ka sa auduga ma dariya za a yi maka.

Ya auri Zuleha, mai sayar da koko da ƙosai a ƙofar gidansu, suka haifi 'ya ɗaya, Rafia. Ciki da falo suke haya a wani tsohon gida mai yawan jama'a. Mutum ne marar yawan magana, ba ya ƙwallo, ba ya siyasa, kuma da rayuwarsa ta tafi haka shiru har ƙarshe, ba don wata mota da aka ce ya mayar wa mai ita ba.

Mai motar wani tsoho ne Ba'ashante, Wofa Boakye, da ya yi shekaru yana aiki a jirgin ruwa, ya dawo ya zauna can bayan Sofoline. Da Wadudu ya miƙa masa makulli, tsohon ya ce ya shigo ya sha ruwa. A falon akwai akwatunan lasifika biyu, ɗaya a wannan kusurwa ɗaya a waccan, da kujera guda a tsakiya tana fuskantarsu. Tsohon ya ga yana kallonsu.

"Zauna," in ji shi da Tiwi, yaren Ashantawa. "Ba can ba, nan. Jingina kanka."

Ya ɗora faifai. Jita ta taso daga hagu, wata ƙaramar ganga ta amsa daga dama, can baya kaɗan. Sai wata mata ta fara waƙa da harshen da Wadudu bai sani ba, kuma muryarta ba daga akwatin hagu take fitowa ba, ba daga na dama ba. Daga tsakiyar bango take fitowa, inda babu komai sai labule. Yana jin inda bakinta yake, har da jan numfashinta. Bai san lokacin da ya miƙe ya je ya ɗaga labulen ba. Bango ne kawai.

Tsohon ya yi dariya har da tari. Ya ce masa wannan shi ake kira sitiriyo, kuma ba akwatunan ke yin aikin su kaɗai ba. Idan sautin hagu da na dama suka iso kunnuwan mutum lokaci ɗaya da ƙarfi ɗaya, sai kan mutum ya haɗa su ya tsayar da muryar a tsakiya.

Wadudu ya koma gida a trotro, motar haya, bai ji ko kalma ɗaya daga surutun fasinjoji ba. Shi lasifikar da ya sani ita ce ta kan masallaci da ta masu kiɗan biki, wadda amfaninta kawai ta kai murya nesa. Bai taɓa sanin sauti yana da wurin tsayuwa ba. Bai kuma tambayi tsohon inda ake sayar da irin akwatunan ba, don ya san ba na irinsa ba ne.

Abin da yake da shi ƙarfe ne da guduma. Dama shi ke gyara lasifikar masallacin layinsu in ta lalace, ba ya karɓar komai, sai ladan ya riƙa bar masa tsofaffin yunit, wato ɗan gwangwanin nan mai nauyi da ke bayan ƙahon lasifika, wanda shi ke haifar da sautin. Ya tara su yana gyarawa. Sannan ya samo rufin wata motar da ta mutu, ya yanka, ya fara buga ƙaho nasa na kansa bayan an tashi aiki.

Na farkon da ya yi, duk wanda ya yi waƙa a cikinsa sai ya zama mai mura. Na biyu ƙarfen ke amsawa yana ƙara nasa kukan a kan na mawaƙi, sai da ya shafe bayansa da kwalta ya liƙa buhu kafin ya yi shiru. A hankali ya gane cewa bakin ƙahon ba a buɗe shi gaba ɗaya kamar mazurari, sai a hankali, ya taso a matse ya riƙa faɗaɗa kamar furen kabewa. Abin da ya fi ba shi wuya shi ne su zama biyu iri ɗaya sak. In ɗaya ya fi ɗan'uwansa faɗi ko da kaurin yatsa, muryar sai ta karkata. Ya zubar da ƙahonni da yawa. Rafia na goye lokacin da ya fara, ta shiga makaranta kafin ya samu biyun da suka gamsar da shi. Wani kafinta a Aboabo ya haɗa masa akwatunan katako biyu don sautin ƙasa, ya ɗora ƙahonnin a kai, kowanne bakinsa ya kai bahon wanki.

Ranar da aka shigo da su, Zuleha ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da ludayi.

"Baban Rafia, masallaci za mu buɗe a falon?"

"Ki dai yi haƙuri ki ji."

"To kwanukana fa?"

Kabad ɗin kwanukanta, wanda ta zo da shi daga gidansu, ciki ya koma, ya tare rabin taga. Ta yi kwana biyu tana amsa masa magana a taƙaice, daga baya ta haƙura.

Abin mamaki, ƙahonnin sun fi akwatunan Wofa Boakye tsayar da murya. Ƙaho yana jefa sauti ne gaba kamar hasken tocila, ba ya watsa shi a bango da rufin kwano ya dawo a cakuɗe, don haka a ɗan falon nan ma kowane abin kiɗa yana zama a wurinsa. Ga shi ba ya buƙatar a ƙure amfilifaya, na'urar da ke ba lasifika ƙarfi, da ɗan ƙarfi kaɗan ganga za ta buga kamar a gabanka take. Amma abin da ya ba su wannan kyau shi ne kuma aibinsu. Wuri ɗaya ne kawai a falon ake jin abin. Ka gusar da kai taƙi ɗaya zuwa hagu, matar da ke tsakiya sai ta gudu ta shige ƙahon hagu.

Tahiru, abokinsa tun na yarinta, wanda shi ya riƙe dillancin shanun, ya zo ya zauna ya ji. Da waƙar ta ƙare ya gyara hula.

"Abin ya yi kyau paa, ba ƙarya. Amma Wadudu, ka shekara nawa kana wahala, ka haɗa kiɗan da mutum ɗaya kawai zai ji?"

Maganar ta zauna masa a rai, don gaskiya ce. Lokacin jinsa shi ne Lahadi bayan azahar, sa'ad da Magazin ke rufe, rana ta kora mutanen gida ɗakuna. Zai zauna a kujerar shi kaɗai, Zuleha na tsakar gida tana jiƙa geron gobe. Sau ɗaya ya lallashe ta ta zauna. Ta rufe ido, sai ya ga ta yi murmushi.

"Matar nan ai a inda kabad ɗina yake a da take tsaye," in ji ta.

Ta tashi ta ba shi wurinsa. Ya ce ta zauna, ta ce in ta zauna shi ina zai ji? Ya tsaya a gefe yana jin rabin waƙa, ita tana kallonsa, abin bai yi wa kowa daɗi ba. Daga nan ba ta sake zama ba.

Shekaru suka wuce haka. Kaset ya tafi, faifan CD ya zo, shi ma ya tafi aka koma sa waƙa daga waya. Rafia ta koyi ɗinki, ta auri Fu'ad, wani malamin makaranta, suka tare a Asokore Mampong. Wata Asabar Zuleha na shara ta ture akwatin hagu don ta kai tsintsiya bayansa, ba ta mayar da shi daidai ba, bakin ƙahon ya juya ciki sosai. Washegari Wadudu ya lura, ya tashi zai gyara, sai ya tsaya. Maimakon ya mayar da na hagun, ya juya na daman ma haka, har ya zama ƙahonnin ba shi suke kallo ba, kallonsu ya gitta juna a gabansa. Ya zauna. Muryar na tsakiya. Ya gusa hagu, tana nan. Ya gusa dama, ba ta motsa ba. Ya yi ta tunani kafin ya gano dalili: in ka matsa kusa da ƙahon hagu ka fita daga saitin bakinsa, ka shiga saitin bakin na dama, sai kusanci da ƙarfi su daidaita.

Ya fita tsakar gida babu takalmi.

"Zuleha, wanke hannu ki zo."

"Lafiya?"

"Ki zo dai."

Ya janye kujerar ya shigo da bencin da masu shan koko ke zama. Suka zauna kafaɗa da kafaɗa. Da waƙar ta ƙare ta ce ya sake sawa. Daga ranar Lahadi ta zama tasu su biyu. Takan gama jiƙa geronta da wuri, ta yi wanka, ta zo da gyaɗa a faranti. Wani lokaci waƙar haylaif irin ta mutanen ƙasar, wani lokaci goge irin na garin mahaifinsa, wani lokaci ƙira'a, inda za ka ji faɗin masallacin da aka ɗauki karatun a bayan muryar mai karatu. Sun samu kamar damina biyu a haka.

A shekarun da ake yawan ɗauke wuta ne ya fara jin muryar tana karkata dama. Ya ɗora laifin a kan wutar, ya ce ta ƙona masa wani abu. Ya kwance yunit ɗin hagu ya duba, lafiya lau. Ya canza waya. Ya kai amfilifaya wurin mai gyara a Alabar, aka ce babu abin da ya same ta. Ya dawo ya musanya wayoyin hagu da dama, muryar na nan a dama. Sai ya kira Tahiru suka ɗaga akwatunan da kyar, na hagu ya koma dama, na dama ya koma hagu. Ya kunna. Tana dama.

"Zauna ka ji," ya ce wa Tahiru. "Ina take?"

Tahiru ya zauna, ya nuna tsakiyar bango da leɓe. "Ga ta nan inda take kullum. Me ka ji kai?"

"Ba komai. Na gode."

Da Tahiru ya tafi, Wadudu ya rufe ƙofa. Ya sa waƙar, ya zauna a bencin, amma ya juya wa ƙahonnin baya yana fuskantar ƙofa. Muryar ta tsallake falon ta koma ɗaya gefen, ta bi kunnensa na dama. Ya sa yatsa ya toshe kunnen daman, sai waƙar ta koma can nesa kamar daga gidan maƙwabta, ga wani siririn kuka kamar na gyare da ya daɗe yana ji yana ɗauka na gareji ne ya biyo shi gida. Ya cire yatsan. Waƙar ta ƙare, wata ta shiga, yana zaune yana kallon ƙofa har aka kira la'asar.

Bai gaya wa kowa ba. A jikin amfilifayar akwai abin murɗawa da ke raba ƙarfi tsakanin hagu da dama, wanda tun da ya saye ta bai taɓa taɓawa ba. Ya murɗa shi hagu kaɗan, muryar ta ɗan dawo masa. Bayan wata biyu ya ƙara. Ya ci gaba da ƙarawa har abin ya kusa ƙurewa, kuma ko a hakan ba ta tsayawa kamar da, sai dai ta bazu kamar hayaƙi. Zuleha na zama kusa da shi kowace Lahadi, tana cin gyaɗarta, ba ta cewa komai.

Wata rana dai ta ajiye farantin.

"Baban Rafia, matar nan ta koma kusurwa, can wurin taga. Ta daɗe a can."

"Kunnenki ne."

"Kunnena ne?"

"Na ce kunnenki ne. Me kika sani a kan wannan abin?"

Bai taɓa yi mata magana haka ba. Ta dube shi, idonta ya kawo ruwa, amma ba ta ɗaga murya ba.

"Jiya na tsaya a ƙofar nan ina kiranka, kana ɗaure takalmi, ba ka juyo ba sai da na taɓa ka. A masallaci ma an gaya mini liman ya yi maka magana ka wuce. Ni ba waƙar ce ta dame ni ba. Mu je asibiti."

Ya tashi ya kashe amfilifayar ya fita. Sai da Rafia ta zo da kanta ta zauna a gabansa tana kuka, tana cewa, "Baaba, don Allah," kafin ya yarda.

A asibiti aka sa shi a wani ɗan ɗaki, aka ɗora masa abin ji a kai, aka ce ya ɗaga hannu duk sa'ad da ya ji ƙara. Ta gilashi yana ganin wata ma'aikaciya na danna abu, yana ganin Rafia na kallon hannunsa, hannun kuwa na kan cinyarsa. Likitar ta tambaye shi aikinsa, da ya faɗa ta gyaɗa kai. Ta ce kunnen hagu ya tafi kusan duka kuma ba ya dawowa, na daman ma ya fara, in bai bar wurin ƙara ba zai bi ɗan'uwansa. Ta ce akwai na'urar da za a sa masa ta taimaka wurin jin magana.

"Likita," in ji shi, "in an sa, zan riƙa jin inda abu yake? Ko hagu ne, ko dama, ko tsakiya?"

Ta ce ba za ta yi masa alkawarin wannan ba.

An sa na'urar, ya gwada ta Lahadi ɗaya a gaban ƙahonnin. Komai ya zama kamar ana kaɗa cokali a kwano. Ya cire ta ya sa a aljihu, ya mayar da abin murɗawar tsakiya, ya ce wa Zuleha ta zauna ta ji abinta. Ta ce ita ba ta jin waƙa ita kaɗai. Ta samo tsofaffin zannuwa biyu ta rufe bakunan ƙahonnin don ƙura.

Barin Magazin ya fi komai yi masa ciwo. Ya ɗan ƙara watanni yana zuwa a ɓoye da auduga a kunne, har ranar da wata mota ta yo baya tana danna hon, ya ji ƙarar amma bai san ta ina take zuwa ba, ya matsa ta inda bai kamata ba. Allah ya kiyaye, ƙafa ce kawai ta gurɗe. Ya raba gudumominsa ga waɗanda ya koya wa aiki, ya dawo gida ya zauna a benci kusa da tukunyar kokon Zuleha, yana miƙa wa mutane ƙosai. In an gaishe shi sai ya juya kai yana neman mai gaisuwar.

Daga baya magadan mai gidan suka sayar da gidan, sabon mai shi ya ce shaguna zai gina. Fu'ad ya ba su ɗaki ɗaya a bayan gidansa a Asokore Mampong. Ɗakin gado da kabad kawai zai ɗauka. Wani mai kiɗan biki ya zo ya ce yana son ƙaho ɗaya ya ɗaure a kan motar talla, Wadudu ya ce ba a raba su. Mutumin ya ce to shi me zai yi da na biyun? Suka rabu a haka. Tahiru ya aiko da keken kaya aka kwashe su zuwa rumfarsa ta kasuwar shanu, inda yake ajiye dusa da igiyoyi, ya ce suna nan har ranar da aka samu wuri.

Ba a samu ba. Tahiru ya rasu bayan azumi, ciwon kwana kaɗan. Da aka yi sadakar arba'in Wadudu ya je rumfar. Rufin na yoyo, akwatunan katakon sun sha ruwa sun kumbura sun buɗe a gefe. Ƙaho ɗaya na jingine ya yi tsatsa, ɗayan 'ya'yan Tahiru sun cire yunit ɗin sun kafa shi a kan ganga suna zuba dusa a buhu da shi. Babban ɗan ya ga inda yake kallo, kunya ta kama shi, ya fara ba da haƙuri, ya ce yanzu za a wanke a mayar. Wadudu ya shafa gefen ƙahon, inda sawun gudumarsa ke nan jere.

"Bar shi," in ji shi. "Ku ci gaba da aikinku."

Fu'ad ya yi masa tayin ya ɗauko su a gyara, ya ce za a iya rufe baranda a sa su. Wadudu ya yi masa godiya, ya ce kada ya wahalar da kansa.

Yana nan a Asokore Mampong har yanzu. Mutanen layin sun san shi da tsohon da ke liƙe tukwane da murhun gawayi a ƙofar gidan malam Fu'ad, wanda sai ka zagayo gabansa kafin ya amsa sallama. Kaɗan ne suka san ya taɓa yin wani abu ban da wannan. Kunnen daman na raguwa a hankali, kukan gyaren kuma bai taɓa tsayawa ba, ya ce har cikin salla yana jinsa. Zuleha ma ƙafafu sun fara ba ta wahala, ta bar sayar da koko. Duk wata sukan taka zuwa ƙaramin asibitin unguwa a duba jininta. Hanyar ba ta da wurin masu tafiya a ƙafa, ga babura da adaidaita suna fitowa ta ko'ina. Ita ke bin damansa, ko da nan ne gefen titi, tana riƙe da hannun rigarsa. In wani abu ya taho daga baya sai ta ja shi ta ce, "Matso nan," ya matso, su tsaya ya wuce, sannan su ci gaba.